Gem masu kallon kusurwa, daga Knight Lore zuwa Tunic: wanne ya kamata ka ɗauka?

Duk wanda ya yi zaman Jidda ko Makka ya san yadda ake ciki idan zafi ya kankama, makarantu sun yi hutu, ba mai leƙa waje sai bayan la'asar ko ma magariba, yara da samari kowa na ɗaki ƙarƙashin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, da hannun soni (PlayStation) a riƙe. Abin da ake bugawa kuma bai wuce ƙwallo da PUBG da Fortnite sai ɗan tseren mota ba. Ni ba na ƙin waɗannan, amma wallahi yana min ciwo yadda akwai wani reshe guda na gem mai tarihin sama da shekara 40 wanda yawancin yaranmu ko labarinsa ba su ji ba, alhali shine ya fi dacewa da irin zaman da muke yi a nan: mutum ya dawo daga aiki a gajiye, awa ɗaya kawai gare shi kafin barci, intanet ɗin gidan kowa na ja, na'urar ma ba sabuwa ba ce. Ina maganar gem ɗin da ake ce wa aisometirik, wato masu kallon kusurwa, musamman waɗanda suka haɗa faɗa da yawo da warware matsala wuri guda.

Ka ɗauka kana tsaye a saman imara, daga lungu ɗaya, kana leƙen tsakar gidan da ke ƙasa. Kana ganin daɓe, kana ganin bango biyu, kana ganin kan mutum da kafaɗarsa da gefen jikinsa duk a lokaci ɗaya. To haka allon yake. Inda ya bambanta da ganin ido shine abu ba ya ƙanƙancewa don ya yi nisa, akwatin da ke can ƙuryar ɗaki da wanda ke gabanka girmansu ɗaya, layukan da suka jeru kuma ba sa taɓa haɗuwa komai nisan tafiyarsu. A lissafin masu zane, layin tsawo da na faɗi da na tsayi digiri 120 ne tsakanin kowane biyu, gefen daɓen kuma ya karkata da digiri 30. Sai dai tsofaffin na'urori idan aka ja layin digiri 30 da ɗigo-ɗigon allonsu sai ya fito a karkace kamar an gutsuttsura shi, shi ya sa masu gem suka koma ɗigo biyu gefe, ɗigo ɗaya sama, wanda ya kama kusan digiri 26 da rabi. Kusan duk tsofaffin da zan ambata haka aka zana su.

Dalilin da ya sa aka fara wannan abu ba ado ba ne, dole ce. Na'urorin farkon shekarun 1980 ba su da ƙarfin lissafa duniya mai zurfi, amma tunda abu ba ya canza girma, zanen bulo ɗaya tak ya isa ka jera shi ko'ina ka gina fada guda da shi. Zaxxon na kamfanin Sega, 1982, yana cikin na farko-farko, jirgi ne kake tuƙawa ta saman sansanin abokan gaba. Kuma abin lura, tun a wannan gem ɗin sun sa inuwar jirgin a ƙasa, sun sa ma'aunin tsayi a gefen allo. Sun san matsalar tun ranar farko.

Matsalar kuwa ita ce wannan, kuma duk wanda ya gane ta ya gane reshen gaba ɗaya. Idan ka ɗaga bulo sama taki ɗaya, ko ka bar shi a ƙasa ka tura shi can baya, a allo wuri ɗaya zai bayyana. Idonka ba shi da yadda zai bambance. Sai ka ga dandamali kamar yana gabanka, ka yi tsalle da ƙarfin gwiwa, ashe yana can sama ta hagu, ka zurma rami. Ta biyu, hannun gem sama da ƙasa da hagu da dama ya sani, duniyar gem ɗin kuma a karkace take, to idan ka danna sama ina mutumin zai nufa, sama ta dama ko sama ta hagu? Ta uku, duk abin da ya shiga bayan bango ko bayan ginshiƙi ya ɓace maka, tunda kyamarar ba ta juyawa. Abin da ka samu a madadin wannan asarar shine kana ganin ɗakin gaba ɗaya da kallo ɗaya, ƙofa da makulli da abokin gaba da tarko, ba ka faman juya kyamara da babban yatsa, kuma masu jin jiri ko tashin zuciya in sun buga gem irin na harbi da ake gani ta idon ɗan wasa yawanci a nan lafiya lau suke. Ni da waɗannan abubuwa uku nake auna kowane gem na wannan layin: ya ya yi da tsalle, ya ya yi da hannu, ya ya yi da abin da ke ɓoye.

A tsofaffi, uban tafiyar shine Knight Lore, 1984, na wasu 'yan'uwa biyu a Ingila, Tim da Chris Stamper, kamfaninsu Ultimate Play the Game wanda daga baya ya zama Rare. A kan kwamfutar ZX Spectrum mai ƙwaƙwalwa 48K suka gina fada mai ɗakuna 128, kai kuma kana da kwana 40 na cikin gem ka tattaro kayan da za a zuba a tukunyar wani boka don a karya tsinuwar da ke mai da kai kerkeci duk dare. Abin da ya girgiza mutane a lokacin shine kana iya zagayawa bayan abu, ka tura tebur, ka ɗora kaya ka taka ka haye. Kowane ɗaki kala ɗaya ne, don na'urar ba ta iya haɗa kaloli kusa da juna ba tare da sun ɓata ba. An fitar da shi a MSX ma, irin kwamfutar nan ta Sakhr da iyayenmu da yayyenmu da suka taso a nan suka sani a gidaje. Zan ce ka buga shi? Ka leƙa shi dai na rabin awa don ka ga tushe, yana cikin tarin Rare Replay na Xbox da ya fito 2015. Amma yana da nauyin tafiya, in abubuwa suka yi yawa a ɗaki sai ya riƙa ja, kuma ba ya yafiya ko kaɗan.

Wanda ya fi shi jure wa tsufa shine Head over Heels na 1987, aikin Jon Ritman da Bernie Drummond. Halittu biyu kake sarrafawa, ɗaya gwanin tsalle ne kuma yana harbi, ɗayan gwanin gudu ne kuma shi ke ɗaukar kaya, an raba su tun farko, sai ka sha wuya ka haɗa su ɗaya ya hau kan ɗaya su zama abu guda, can gaba kuma ɗakin ya tilasta maka ka sake raba su. Wannan tunanin har yau bai tsufa ba. Solstice na NES, tsohuwar na'urar Nintendo, 1990, shi ma layinsu ɗaya, ɗakuna sama da 250, ba ka da takobi sai dabara da 'yan kwalaben magani, kiɗan buɗewarsa kuma na Tim Follin ne, in ka ji ba za ka yarda daga wannan 'yar na'urar yake fitowa ba.

Sai zamanin Sega, wanda da yawanmu nan muka shigo. Landstalker ya fito Japan 1992, kamfanin Climax Entertainment, kana buga Nigel mai farautar dukiya tare da wata 'yar mitsitsiyar abokiyar tafiya mai suna Friday, suna neman taskar Sarki Nole. Ina son gem ɗin nan har raina. Garuruwansa suna da rai, mutanen ciki suna da ban dariya, kurkukunsa an gina su da tunani, ka ɗauki tulu ka ɗora kan maɓalli, ka jera akwatuna ka hau, ka bi dutse mai gangarowa. Amma dole in faɗa maka gaskiya, a ma'aunin tsalle ya faɗi warwas, don babu inuwa. Nigel na sama ba ka san inda zai sauka ba, dandamali na shawagi ba ka san layin da yake ba, abin da Zaxxon ya gane shekara goma kafin nan su suka bari. Dabarar da tsofaffin hannu ke yi ita ce ka daina yarda da idonka, ka ƙirga tayil ɗin daɓe, ka jingina da bango ka gane layin da kake, sannan ka yi tsallen a miƙe kan layi ɗaya. Idan kana da haƙurin wannan, zaka samu tafiya mai daɗin gaske. Idan ba ka da shi, Light Crusader na kamfanin Treasure, 1995, ya fi sauƙin sha'ani, gari ɗaya ne da kurkuku mai hawa-hawa a ƙarƙashinsa, kana haɗa wuta da iska da ƙasa da ruwa su ba ka sihiri kala-kala, ga tura bulo da yawa. Su biyun duk suna cikin ƙaramar Mega Drive Mini ta 2019, suna kuma cikin tarin Sega na masu biyan babban kuɗin shiga na Nintendo Switch Online. Masu son ainihin kaset kuma, wani lokaci akan yi dace a Harajin Sawarikh da ke kudancin Jidda, sai dai ka gwada kafin ka biya, kuma ka tuna kaset irin na Landstalker da ɗan batiri a ciki yake riƙe sebin, wato ajiyar inda ka tsaya a wasan, bayan shekara talatin yawanci ya mutu sai an canza.

Desert Strike na 1992 ba yawon kurkuku ba ne, helikwafta ce, amma ba zan tsallake shi ba don kusan duk wanda ya riƙe hannun Sega ya san shi. Shekara ɗaya bayan yaƙin Gulf na 1991 ya fito, kuma daga yaƙin aka ɗauko yanayinsa, abin da mutanen ƙasar nan suka gani da idonsu ba a allo ba. Ta fuskar wasa, abin da ya koyar shine lissafi, mai na ƙarewa, harsashi na ƙarewa, ga mutanen da za ka zura igiya ka ɗauko, dole ka duba taswira ka tsara ta inda zaka bi kafin ka tashi. Kallon kusurwa ya yi masa daidai don babu tsalle a ciki sam.

Akwai kuma Little Big Adventure na Faransa, 1994, na Frédérick Raynal da kamfanin Adeline. Twinsen, wani bawan Allah da aka kulle saboda mafarkin da yake yi, a duniyar da wani azzalumi Dr FunFrock ya danne. Abin da ya keɓanta da shi shine yanayi huɗu da kake sauyawa: na tafiyar yau da kullum, na gudu da tsalle, na faɗa, da na sanɗa, har ƙwallon da yake jifa da ita yadda take tashi ya danganta da yanayin da kake ciki. Sarrafa shi a asalin fitowarsa akwai wuya, in kana gudu ka bugi bango ma sai jininka ya ragu. An sake gina shi a 2024 da sunan Twinsen's Quest, to wanda bai saba da taurin na da ba ya fara da wannan.

Daga tsakiyar shekarun 1990 da soni na farko da Nintendo 64 suka zo, kowa ya ruga duniya mai zurfi da kyamara mai juyawa, kallon kusurwa ya koma hannun masu kwamfuta. A nan Diablo ya shigo, na biyunsa na shekarar 2000 shi ya kafa layin kashe dodanni da tara kaya. Ina so a bambance, Diablo da Path of Exile da ire-irensu wani gida ne daban, daɗinsu a lambobi yake, wane takobi ya fi wane, wace riga ta ƙara maka kashi nawa. Masu cin lokaci ne ba kaɗan ba, kuma Diablo IV na 2023 da Path of Exile ba sa tashi sai da intanet ko da kai kaɗai kake bugawa. Wanda ke da aikin safe ya yi tunani kafin ya shiga.

Waɗanda suka dawo da reshen yawo da faɗa ƙananan kamfanoni ne. Bastion na Supergiant Games, 2011, mutum bakwai suka yi shi. Kana tafiya ƙasa na tasowa tana haɗuwa ƙarƙashin ƙafarka, wani dattijo mai kakkaurar murya kuma yana ba da labarin abin da kake yi a daidai lokacin da kake yinsa, in ka tsaya fasa akwatuna zai faɗa, in ka faɗa rami zai faɗa. Dubi yadda suka yi da matsalar tsalle: kusan sun cire shi, faɗawa rami kuma ba mutuwa ba ce, ɗan jini kawai zai ragu a dawo da kai. Gajere ne, tsohuwar laftof ma tana ɗaukarsa. Su ne dai suka yi Hades da ya kammala fitowa a Satumban 2020, wanda a wajen daɗin faɗa ban san na biyunsa ba a wannan layin. Makamai shida, yankuna huɗu, duk mutuwa ka koma farko amma labarin na ci gaba kuma kana ƙara ƙarfi, zagaye ɗaya bai fi rabin awa zuwa minti arba'in ba, daidai mai dawowa daga aiki. Akwai saitin sauƙi da ke rage maka zafin duka da kashi 20, duk mutuwa ya ƙara kashi 2 har zuwa 80. Shine gem na farko da ya ci kyautar Hugo ta ƙagaggun labarai, a 2021, Hades II kuma ya kammala fitowa 2025. Sai dai zan dawo kan abin da ke cikinsa, don akwai magana.

Death's Door, 2021, mutum biyu ne ginshiƙin kamfanin da ya yi shi, Acid Nerve a Ingila. Hankaka kake bugawa, ma'aikaci a wani ofishi mai launin toka, an sace masa abin da aka aike shi ya ɗauko, dole ya bi manyan dodanni uku. Faɗansa a tsabtace yake, sara uku ka mirgina, kibiya da sihiri kuma ba sa cika sai ka matsa kusa ka yi sara, don haka ba ka da damar laɓewa nesa kana harbi. Jininka gida huɗu ne kacal a farko, magani kuma sai ka shuka iri a wasu tukwane da ke warwatse a hanya, wato kai zaka zaɓi inda kake son samun sauƙi. Babu taswira, wannan yana ba wasu haushi, amma an gina wuraren yadda kullum zaka buɗe wata gajeriyar hanya ta dawo da kai inda ka sani. Wajen awa goma ka gama. Ga wanda bai taɓa buga irin waɗannan ba kuma babba ne, ni nan nake cewa ya fara.

Amma wanda na fi so a yi maganarsa shine Tunic, Maris 2022, wanda wani ɗan Kanada Andrew Shouldice ya shafe shekaru yana ginawa, yawancin aikin shi kaɗai. Wani ɗan ƙaramin dila ne ya farka a bakin teku, ba takobi ba bayani, sanda ce makaminka na farko. Duk sauran gem ɗin da na lissafa ƙoƙari suke su rage illar abin da kyamara ke ɓoyewa, shi kuwa Tunic wannan illar ita ya mayar jarinsa. Zaka sha wuya ka zagaya dutse ka kashe dodanni ka fito ta wata 'yar hanya, kawai sai ka ga ka ɓullo bayan wata bishiya da ke daf da inda ka fara, hanyar tana nan tun minti na farko a buɗe, ba ƙofa ba makulli, kusurwar kallo ce kawai ta rufe maka ita. Daga ranar ka daina wuce bango ba ka goga jikinka ba, ka daina yarda cewa bayan magangarar ruwa ba komai.

Sannan ga littafin. Waɗanda suka sayi kaset a da sun san ɗan littafin bayani da ke zuwa cikin kwali, wani lokaci da Japananci, ba ka iya karantawa sai dai ka bi hotuna ka yi hasashe. Shouldice ya ɗauki wannan ya sa shi cikin gem ɗin, shafukan littafin a warwatse suke kana tsinta ɗaya-ɗaya, an rubuta yawancinsu da wani rubutu da aka ƙirƙira, ga zane, ga taswira, ga wasu 'yan rubuce-rubucen biro a gefe kamar wani ya riga ka mallakar littafin, har da tabon kofi. Sai ka tsinci shafi ya nuna maka wani abu da maɓallan hannunka ke iya yi tun farko ba ka sani ba. Ba sabon ƙarfi aka ba ka ba, sani aka ba ka. Mu da muka taso muna buga gem da harshen da ba namu ba, muna tambayar yaron maƙwabta me wannan kalmar ke nufi, muna gane hanya da hoto da gwaji, wannan gem ɗin kamar da mu aka yi shawara. Roƙona ɗaya, kar ka buɗe YouTube. Ka samu ƙaninka ko abokinka ku zauna da takarda da biro, ɗaya na riƙe da hannu ɗaya na duba shafukan. Faɗansa yana da zafi, musamman manyan dodannin, amma akwai saitin da ke hana mutuwa gaba ɗaya a cikin menu, kuma ba abin kunya ba ne ka kunna shi, don asirin gem ɗin ba a faɗan yake ba.

Cocoon na 2023 shi ma ya cancanci ambato, ba rubutu ko kalma ɗaya a cikin wasan, duniyoyi ne a cikin ƙwallaye kana ɗauke da su a baya kana shiga ɗaya daga cikin ɗaya, awa biyar zuwa shida. Wanda Turanci ke ba shi wahala ba abin da zai rasa a nan.

Idan ku biyu ne a kujera ɗaya, Lara Croft and the Guardian of Light na 2010 har yanzu ban ga wanda ya kai shi ba. Ɗaya na da igiya mai ƙugiya, ɗaya na da mashi da garkuwa, mai mashin zai cilla shi ya kafe a bango ɗayan ya taka ya hau, mai igiyar zai miƙa ta ɗayan ya bi ta kai ya tsallake rami, ba yadda za a yi ɗaya ya wuce ya bar ɗan'uwansa. Wa da ƙani, ko abokan ɗaki biyu ranar Juma'a bayan an sauko masallaci an ci abinci, ya yi daidai. Na bayansa, Temple of Osiris na 2014, yana ɗaukar mutum huɗu amma bai kai na farkon tsari ba, an haɗa su biyun a Switch a 2023. Yara ƙanana kuma Minecraft Dungeons na 2020, mutum huɗu a talabijin ɗaya, ba gini ba haƙa, faɗa ne mai sauƙi ba jini. Mai waya kawai ya nemi Oceanhorn na wani kamfanin Finland da ya fara fitowa 2013, tsibiri-tsibiri ne da jirgin ruwa, bai kai su Tunic zurfi ba amma yana tafiya lafiya a waya.

Yanzu maganar da na ce zan dawo kanta, don gidajenmu gidajen Musulmi ne kuma iyaye na tambaya. Hades kacokan a kan gumakan tatsuniyar Girkawa aka gina shi, su ne ke ba ka ƙarfi, da su kake hira, shigar wasunsu ma ba ta yara ba ce. Diablo shaiɗanu ne da jini da alamomin tsafi tun daga kwalinsa. Death's Door wasa yake da batun ɗaukar rai, ko da yake cikin sigar tatsuniya da tsuntsaye. Su Lara Croft akwai gumakan tsofaffin al'ummu, Tunic ma akwai wuraren da dilan ke durƙusawa gaban mutum-mutumi. Ni ba malami ba ne kuma ba fatawa nake bayarwa ba, amma bai dace in yabi abu in ɓoye wannan ba. Babba ya san abin da zuciyarsa ta natsu da shi. Yaro kuwa, Baba ko Yaya ya zauna ya kalli minti goma na gem ɗin kafin a saya, kuma a duba lambar shekaru da hukumar ƙasar nan ke bugawa a jikin kwali, irin su 3 ko 7 ko 12 ko 16 ko 18, ba don ado aka sa ta ba. Na sha ganin an saya wa ɗan shekara tara abin da aka rubuta 18 ɓaro-ɓaro don kawai ya yi kuka a shago.

Wajen saye, yawancin sababbin nan ba ka cika samunsu a faifai a kantuna ba, saukewa ake yi, kuma ba su da nauyi idan ka gwada da manyan gem da ke cinye gigabait ɗari. Ka tabbata katin da zaka saya na yankin akawun ɗinka ne, katin sitoo na Saudiyya ba ya shiga akawun na Amurka, haka ma akasin haka, mutane da yawa sun yi asarar riyal ɗinsu a nan. Masu kwamfuta su jira rangwamen Steam, kasuwar gem ta intanet, na ƙarshen Yuni ko na ƙarshen Disamba, irin waɗannan gem ɗin suna sauka sosai. Bastion da Death's Door da Tunic da Hades da Cocoon duk suna yi ba intanet bayan ka sauke, wanda ke shirin tafiya hutu Kano ko Zinder ko Damaturu da na'urarsa ya riƙe wannan.

Steam na mayar maka da kuɗinka idan ba ka wuce awa biyu kana bugawa ba kuma ba a yi kwana 14 da saye ba, to ka yi amfani da awa biyun nan ka gwada abubuwa ukun can. Ka yi tsalle a fili ka duba ko akwai inuwa ƙarƙashin ƙafarka. Ka shiga bayan bango ka ga ko gem ɗin zai nuna maka siffarka ta cikinsa ko zai bar ka a duhu, in ya bar ka, ka lura ko da gangan ne irin na Tunic ko sakaci ne. Sannan ka danna sama ka ga inda mutumin ya nufa. A sababbi sandar analog ta kashe wannan matsalar, duk inda ka karkata nan zai bi. A tsofaffin Sega kuwa, in kana bugawa da hannun zamani, ka bar analog ɗin ka koma maɓallan kibiya, ka riƙa danna biyu tare, sama da dama ko ƙasa da hagu, don Landstalker a karkace yake karɓar umarni, kuma sai yatsanka ya yi kamar rabin awa kafin ya saba.